Kujerar Bakanike

Zaren awo, sifana da hular kwano kaɗai Hansatu ta riƙo zuwa filin tseren motoci. Tun da doka ta ce bakaniken da ya saita ƙafafun mota shi zai zauna gefen direba, ba ta fita babu hula.

"Yaya, ƙara karkata tayoyin gaba," in ji ƙanenta Tasi'u, direban motar. "In ban ci yau ba, masu motar korata za su yi."

"Za ta sha kwana lafiya, amma taya na iya fashewa."

Ta shiga ƙarƙashin motar ta juya noti, ta fito. Ƙofar gefen bakanike ba ta buɗuwa daga ciki. Ta zauna, ta rufo ta.

"Na karkata su. In na ce birki, ka taka."