Injiniyan da Ya Ji Tsoron Ɗora wa Gyaransa Kaya

Kai mai cewa aikinka ya kammala, tsaya ka ji wannan tukuna.

An yi wani mai gyaran kwamfuta da aka kira wata cibiya inda yara ke zana jarrabawar shiga jami'a, don babbar na'urar da ke riƙe amsoshin kowa ta cika nawa. Ita na'ura kamar mace take a tsakar gida: ga ƙwarya a gabanta, ita ce ƙwaƙwalwarta, ga rumbu a bayanta inda ake ajiya. In ƙwarya ta cika, sai ta kai abin da ba ta bukata yanzu rumbu, ta ɗebo wanda take so. Wannan kai-kawon mutumin ya gyara. Ya gwada lokacin da babu kowa a zauren jarrabawa, na'ura ta tashi kamar walƙiya. Mai cibiya ya dafa kafaɗarsa gaban ma'aikata ya ce, "Injiniya, ka fitar da ni kunya." To, yabon nan shi ya ɗaure shi. Don ya san saura gwaji na gaske, na ɗora mata kaya: a kunna duk kwamfutocin zauren, a sa su danna ajiya rumbu lokaci guda, a ga ko ƙofar rumbun za ta ɗauka. Amma da ya kai hannu sai gabansa ya faɗi. In ta ƙi fa, da wane baki zai faɗa? Sai ya janye, ya maimaita gwajin da ya san zai ci, ya tafi gida. Tuwo ma ya daina yi masa daɗi.

Ranar jarrabawa zaure ya cika maƙil, iyaye na zaune a rana bakin ƙofa. Da fari lafiya lau, har injiniya ya soma sakin numfashi. Da lokaci ya kusa cika, yara suka shiga tura amsoshi gaba ɗaya. 'Yar fitilar rumbun da ta saba ƙyaftawa ta kunnu ta ƙi mutuwa. Ƙwarya ta cika, mai shiga da mai fita sun cushe a ƙofa ɗaya, babu mai motsi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, tawa ta tsaya." Kafin ya juya, hannuwa sun tashi ko'ina kamar karan dawa. Agogon bango kuwa bai tsaya ba. Gumi ya jiƙe masa riga. In ya kashe na'ura, abin da ke ƙwarya ya zube. In ya bari, lokaci ya ƙare. Yana nan tsaye ya soma jin hayaniyar iyaye tana matsowa, ana dukan ƙofa. Na'ura ba ta jira shawararsa ba, ta ɗauke da kanta, ta tafi da wahalar shekarar yaran mutane. Mai cibiya ya shigo, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ka gwada ta da kaya kuwa?"

Abin da ya ji tsoron gani shi kaɗai, sai da gari ya taya shi gani. Dama Hausawa sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.