Jirgin da Aka Yi wa Fenti

Tun da kin ce barci ya ƙaurace miki saboda taron gidauniyar nan taku, kina tsoron kada baƙi su raina abin da za ku nuna musu, zauna in ba ki wani misali.

A wani gari na bakin tafki akwai ƙungiya mai kula da guragu da makafi. Duk dukiyarta jirgin ruwa ne guda na katako, irin wanda ake kafa wa gora a tsakiya, a ɗaura buhunan taki da aka ɗinke wuri ɗaya, iska ta tura shi. Kowace Asabar ake ɗibar 'yan ƙungiya a shiga ruwa. Gurgu ke riƙe igiya, domin ƙarfinsa a damtse yake. Makaho kuma ya zauna a baya da itacen tuƙi, yana jin iska a kumatunsa. A cikin ruwa ba a jan kowa da sanda, ba a tura keken kowa. Shi ya sa masu jira suka yi yawa, har wata gurguwa mai saƙar hula ta yi watanni tana zuwa bakin tafkin, ba ta samu shiga ba.

Shugabar ƙungiyar, mace mai tsari da gudun abin kunya, ta shirya taron neman gudummawa don a sayi jirgi na biyu. Aka sanar a rediyo, aka gayyaci masu hali. Amma da ta tsaya ta ƙare wa jirgin kallo, sai ta raina shi. Ya yi baƙi ƙirin, gansakuka ta manne a jikinsa, an cusa tsummokara da kwalta tsakanin katakai, ga wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki tana yawo a ciki. Ta ce a ranta, wa zai ba da dukiyarsa ga masu wannan? Sai ta sa aka fito da shi daga ruwa, aka kai shi harabar gidanta a bayan mota, aka kira mai fentin ƙofofi. Shi kuwa ya yi aikin da ya sani: ya kankare, ya zare tsummokaran nan kaf, ya shafa shuɗi, ya ja farin layi a gefe. Aka jefar da ƙwaryar. Lokacin bazara ne, jirgin ya zauna a rana makonni, don kada ruwa ya ɓata fentin kafin baƙi su gani. Abin da ba ta sani ba, katakon jirgi da ruwa yake kumbura ya rufe bakinsa. Idan ya bushe sai ya tsuke, ya bar tsaga, fenti kuma ya rufe tsagar daga ido kawai.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Aka sauke jirgin daga mota kai tsaye cikin ruwa, aka ɗora gurgun da makahon, aka ce yau mai saƙar hula ma za ta shiga. Iska ta cika buhunan, jirgin ya miƙa, mutane suka yi ta tafi. Sai da suka yi nisa makahon ya gyara zama ya ce, “Kai, wane marar tarbiyya ne ya kifar da buta? Wandona ya jiƙe.” Gurgun ya dubi ƙasa ya ce, “Malam, ba buta ba ce. Tafkin ne ya biyo mu ciki. Juya mu!” Suka laluba ƙwarya, babu. Mai saƙar hula, wadda ba ta iya iyo ba, ta cire hular da ke kan makahon ta shiga kwasar ruwa da ita, ruwan yana zuba ta cikin saƙar.

Daga bakin tafki shugabar ta fara lura da farin layin nan. Ɗazu yana sama da ruwa sosai, yanzu ruwa na lasarsa. Can kuma ta neme shi ta rasa. Wata tsohuwa, uwar mai saƙar hula, ta tashi ta nufi ruwa tana salati, sai da aka riƙe ta. Jirgin ya juyo da ƙyar, ya yi nauyi, yana tahowa kamar ba ya so, gurgun ya naɗe igiya a hannu har ta yanke shi. Allah ya sa sun kai inda ruwa yake iya ƙirji kafin jirgin ya zauna a ƙasa. Samari suka faɗa, har da wani baƙo da babbar rigarsa, aka goyo su ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya mutu. Baƙi suka yi jaje, suka ce Allah ya kiyaye gaba, suka shiga motocinsu. Masunta suka jawo jirgin, suka mayar masa da tsumma da kwalta, ya koma baƙinsa, ya daina yoyo. Amma iyaye sun riga sun gani da idonsu, kowa ya hana nasa. Asabar ta zagayo, jirgin na ɗaure yana lilo a kan ruwa, ba layin mutane, ba mai jira. Mai saƙar hula ce kaɗai ta turo kekenta, ta tsaya daga nesa tana kallonsa, domin ta yi wa uwarta alkawarin ba za ta matsa kusa ba.

Saboda haka, kafin ki cire wani abu don baƙi, ki tambayi aikin da yake yi a wurin. Hausawa sun ce, garin neman gira a rasa ido.