Akwatin da ke Cikin Randa

Adawiyya ta sake kwara kwanon ruwa a kan yashin, ya shanye kamar ba a zuba ba. Zafin Gashua da bazara ba ya jin lallashi. Ta leƙa cikin randar, ta ga ɗan ƙwan lantarkin nan kore yana ci, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

Randa biyu ce, ƙarama cikin babba, da yashin kogi a tsakani, irin dai wadda mata ke adana tumatir. Mijinta Malam Ibram, tsohon malamin kimiyya, shi ya ƙwace dabarar ya kai ɗakin tarkacensa na rediyo da wayoyi. A ciki ya zaunar da wani akwatin ƙarfe mai ɗan ƙwan kore a jikinsa. Na'urar da ke cikinsa, in ji shi, bugawa take kamar zuciya, ba sauri ba jinkiri, da ita yake auna mitar duk rediyon da ya haɗa. Zafi kaɗai take tsoro. In ta ɗau zafi ta kauce, in ta mutu kuwa, shekarun da ta yi tana daidaituwa sun tafi a banza.

Da can dariya take masa. Wai mutum da furfurarsa yana shayar da tukunya safe da yamma! Akwatin ma in ka taɓa sai ka janye hannu, ga 'yar fanka tana ta zuuu a bayansa.

Sai ƙafafun Malam suka fara kumbura. Adawiyya ta san wannan kumburin, na ciwon ƙoda ne. Haka na mahaifinta ya fara, ita ta yi jinyarsa a asibiti a Nguru har ya cika a hannunta. Ta dawo gida ba ci ba magana, Malam ne ya riƙa ba ta kunu a baki kamar yarinya.

Ranar tafiya asibitin Nguru, amininsa Hizbullahi, abokin wannan shirme nasa na wayoyi, ya zo da mota daga Nguru. Suka shige ɗakin suka turo ƙofa, suka daɗe. Hizbullahi ya fito da jaka a hammata, ya wuce mota bai ko kalle ta ba. Ita kuwa tuni ta ɗaure kayanta.

"Ke za ki zauna," in ji Malam. "Hizbullahi zai yi jinya. Akwatin nan amana ne. Kada yashi ya bushe, kada ƙwan ya mutu. Ban yarda da hannun kowa ba sai naki."

"Haba Malam, a kan tukunya?"

"A kan tukunya."

Ta yi kuka, ta yi fushi, ta zauna.

Ta kuwa riƙe amana, wallahi har ta wuce gona da iri. Biki ba ta zuwa, kasuwa a gurguje. Ta rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, in rana ta take ta zauna da mafici tana yi wa tukunya fifita. Akwatin ya yi sanyi ƙalau, fanka ma ta daina ƙara, har ta ce a ranta ashe hannunta ya fi nasa iya aiki.

Kullum ya kira, tambayar farko ke nan: "Yaya ƙwan?"

"Yana ci. Malam, in taho mana, ko yini ɗaya."

"Bari a yi wankin ƙodar nan na gaba tukuna."

Na gaban ya zo ya wuce, wani na gaban ma haka. Muryarsa tana ta sirancewa. Daga baya Hizbullahi ke ɗagawa, ya ce Malam yana barci.

A makon nan ne ƙwan ya fara dusashewa. Hankalin Adawiyya ya tashi, domin ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta riga ta ɗaure hasken nan da numfashin mijinta. Ta ƙara ruwa. Ta hau tsani ta goge farantin solar da ke ba akwatin wuta da mayafinta. Ta bi wayar da ke shiga akwatin da yatsa, ba ta san me take nema ba. Ta sayo ƙanƙara ta jera a kan yashi, ta narke, haske na daɗa ja da baya. Babu abin da ta iya sai kallo da addu'a.

Wata safiya ta leƙa, ta tarar da duhu.

Ba ta tsaya tunani ba. Ta zare wayar, ta naɗe akwatin a jiƙaƙƙen tawul, ta nufi tasha. Har Nguru yana kan cinyarta, tana fasa ledar ruwa tana yayyafa masa, fasinjoji na kallonta kamar mai taɓin hankali. Dabararta ɗaya ce: Hizbullahi ya gyara kafin Malam ya ji.

A bakin asibiti ta hango shi zaune a kan benci, hular Malam a hannunsa.

"Yanzu nake ta neman layinki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Sai haƙuri, Adawiyya."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta zauna nan cikin ƙura. Akwatin ta tura masa.

"Ni na kasa. Abu ɗaya ya bar mini, na kasa riƙewa. Don Allah, Malam Hizbullahi, ka gyara masa."

"Ya ce ki yafe masa," in ji Hizbullahi. "Ya ce abin da kika gani a jinyar mahaifinki ya ishe ki."

Ba ta gane ba. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance murfin ya juyo mata da shi.

Babu na'ura, babu fanka. Rabin jan bulo ne a ciki, da batiran tocila da suka ƙare, da ɗan ƙwan kore.