Janbakin Inna Tasalla

Tun da sabuwar doka ta ba kamfanoni damar ɓoye abin da ke cikin kayan kwalliya, Rumasa'u ta daina shafa janbaki. Tana da ciwon da jikinta ba ya karɓar alkama, ko ɗan burbushi ta haɗiye sai ta kwanta.

Ana jibi bikinta, ta je rumfar Inna Tasalla a kasuwa.

"Ɗauki wannan, 'yata. Babu alkama a ciki."

"Inna, ta yaya kika sani?"

Tsohuwar ta ja mayafi kan ramammun kafaɗunta.

"Ciwonmu ɗaya. Kowanne sai na shafa da kaina kafin in sayar. Wanda ya kwantar da ni, in zubar. Wannan bai kwantar da ni ba."

Rumasa'u ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu.