Ranar da Na Lasa Burukutun Kaka

Ina ɗan shekara tara lokacin, a gidanmu na Rikoto. Da la'asar Kaka, mahaifiyar babana, tana tace burukutu, warin tsamin dawa ya cika tsakar gida. Na tsoma yatsa a ƙwarya na lasa. Ban ankara ba ta cafke hannuna.

"Kada ka ƙara," in ji ta. "Wasu su sha ƙwarya ɗaya su tashi. Mazan gidan nan ba sa tashi. Giya ce ta kai kakanka kabari, ga babanka can kwance tun hantsi. A jininku take."

Na ce, "To Kaka, don me kike dafawa?"

Ta sake ni, ta koma kan tatarta. "Da me zan ciyar da ku?"

Wana, wanda kawunmu ya riƙe a Ribah, bai taɓa sha ba, alhali jininmu ɗaya. Ni kuwa sau uku ina dainawa ina komawa. Jiya da na dawo gida, 'yata ta ji takuna, ta ja ƙanenta suka shige ɗaki, ta rufe ƙofa a hankali.