Dokar da Ta Cinye 'Yan Ƙwallon Makaranta

Malam Ɗayyabu, kafin ka kai wannan doka gaban kwamitin makaranta, zauna ka ji yadda wani shugaban sakandare ya ƙare da irinta. Har yau in na tuna, nakan rasa dariya zan yi masa ko tausayi.

Ɗan wasan gaban makarantarsa ne ya karye a wasan unguwa ana gobe za su kara da wata makaranta. Ran shugaban ya ɓaci, ya tara ɗalibai ya ce daga yau duk wanda ya buga wa wata ƙungiya ta waje ya ajiye rigar ƙwallon makaranta har ƙarshen shekara. Aka yi tafi. Ana nan, makarantar ta kai wasan ƙarshe na gasar jiha, sai aka kawo ƙarar mai tsaron gida, wai an gan shi a raga ranar bikin wansa, a wasan da abokan ango kan shirya. Mahaifin yaron ya zo har ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, abokan ango ma ƙungiya ce? Ko riga iri ɗaya ba su da ita." Shugaban ya juya maganar, ya sake juyawa, ya kasa gane inda wasa ya tsaya ƙungiya ta fara. Amma ya riga ya faɗa a bainar jama'a, yana kunyar lashe amansa. Ya cire yaron.

Ai kuwa sai ƙara ta ɓalle kamar an kwance bakin buhu. Wannan ya buga kofin Sallah a ƙauyensu. Wancan garejin da yake koyon kanikanci ne suka sa shi a ƙungiyarsu. Wani ma 'yan layinsu ne kawai suka laƙaba wa kansu suna, duwatsu biyu ne ragarsu. Malamin wasanni ya yi ta shiga yana fita yana tambayar wanne ne laifi, shugaban ya ce wannan da safe, ya warware da azahar, ya koma kansa da la'asar. Tunda dai an kori mai tsaron gida a kan biki, ba wanda za a iya ƙyalewa. Ranar wasa motar makaranta ta kwashi waɗanda doka ta wanke tas, wato waɗanda ko 'yan unguwarsu ba su taɓa roƙon su buga musu ba. Gwanayen suna bakin fili cikin 'yan kallo, sun zuba tagumi. Aka yi ta zura wa makarantar ƙwallo har magoya bayan abokan karawa suka gaji da ihu. Shugaban ya dubi malamin wasanni, ya nuna abokan karawar ya ce, "Wai ni, waɗancan a ina suka koyi ƙwallo haka?" Ya ce, "A unguwa, ranka ya daɗe."

Ka ga abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.