Ƙarshen Fim a Bakin Mai Ɗinki

Tun da wani direba ya makance, budurwarsa mai ɗinki ce idonsa a gaban talabijin ɗin shagonta. Shi fim ɗin 'yan sama-jannati yake so, ita na dodanni, sai suka daidaita a kan na ban tausayi, kamar nasu bai ishe su ba.

Rannan fim na ƙarewa ta ce, "Matar ta warke. Mu kuma fa? Yaushe za ka turo manyanka?"

Ya juyo da fuska wajen muryarta. "Ta mutu, ke sarauniyar ƙarya. Ba a yi wa mai warkewa irin wannan kiɗa. Ko a na dodannin, a bakinki ba wanda aka taɓa cinyewa."

"Don kar ranka ya ɓaci ne."

"Na sani. Haka za ki gaji da ni kina ce mini lafiya lau. Ba zan turo ba."

Ta miƙe ta ɗauko sandarsa tana jan hanci.

"Kuka kike?"

"A'a," ta ce, tana miƙa masa sandarsa, hawaye na ɗiga a bayan hannunsa.